James Parkinson: likitan unguwa da ya gano cutar karkarwa a kan titi

Babu wanda ya san kamannin fuskarsa, don bai bar zanen kansa ba, amma sunansa na bakin likitocin duniya. An haifi James Parkinson ranar 11 ga watan Afrilun 1755 a unguwar Hoxton da ke gabashin Landan. Mahaifinsa mai haɗa magani ne da ke yin ƙananan tiyata, kuma da ya rasu a 1784 ɗan ya gaji aikin a gidan.

Parkinson ba mai iya kame baki ba ne. A zamanin juyin juya halin Faransa ya riƙa rubuta ƙasidu da sunan aro, yana neman a ba talaka damar jefa ƙuri'a. A 1794 aka kira shi gaban majalisar sarki, firaminista William Pitt na zaune, ya sha tambayoyi kan zargin wata maƙarƙashiyar kashe Sarki George III da kibiya mai dafi. Ba a tuhume shi ba. Daga nan ya karkata ga nazarin ragowar halittun dā da suka zama dutse, har ya wallafa littafi mai juzu'i uku tsakanin 1804 da 1811.

Sai a 1817, yana da shekara 62, ya fitar da ɗan ƙaramin littafin da ya raya sunansa, a kan wata cuta mai sa karkarwa. Mutum shida kacal ya bayyana, duka maza, kuma uku daga cikinsu a kan titi ya gan su. Ɗaya ma daga nesa ya hange shi. Duk da haka bayanin ya zauna daram: hannu na soma rawa alhali yana hutawa, gangar jiki ta ranƙwafa gaba, taku ya gajarce ya yi sauri har mutum ya zama kamar mai gudu ba da son ransa ba, daga baya rubutu da kai loma baki su gagara. Ya yi zaton tushen ciwon yana saman laka, ya kuma ce hankali da gaɓɓan ji da gani ba sa taɓuwa.

Ya rasu ranar 21 ga watan Disamban 1824 bayan shanyewar jiki, littafin bai yi wani tashe ba. Kusan shekara hamsin bayan haka, Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Paris ya ƙara sandarewar jiki da nawar motsi cikin alamomin, ya lura ba kowane majinyaci ke karkarwa ba, ya sa wa cutar sunan Parkinson.

A batun gani kuwa, Parkinson ya kuskure, sai dai da wuya a ga laifinsa. Madubin leƙa cikin ido sai a 1851 Hermann von Helmholtz ya fito da shi. Tantanin da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira retina, reshe ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana da ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin da ke ƙaranci a wannan cuta. Na'urar OCT, mai auna kaurinsa da haske cikin ƴan daƙiƙoƙi ba tare da taɓa ido ba, ta nuna sassan cikinsa na sirancewa ga masu cutar. A 2023 masu bincike na asibitin ido na Moorfields da jami'ar UCL sun ba da rahoton cewa ana iya ganin alamar shekara bakwai kafin a tabbatar da ciwon.

Wannan bai zama gwajin gano cutar ba tukuna, domin tsufa, ciwon suga da hawan jinin ido su ma suna sirantar da tantanin. Asibitin na Moorfields kuwa, tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa daga dandalin Hoxton, inda Parkinson ya yi aikinsa.