Malam Abdulƙadir Ɗan Tafa, Masanin Falsafa na Salame

'Yan'uwa mazauna Mbamba, da yawa cikinmu in aka ce falsafa sai mu ɗauka karatun jami'a ne da Turawa suka kawo. To, ba haka abin yake ba. Tun kafin zuwansu akwai wanda ya yi zurfi cikinta a ƙasar Sakkwato.

An haifi Malam Abdulƙadir a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira. Mahaifiyarsa, Nana Hadiza, 'yar Shehu ce. Mahaifinsa kuwa Malam Mustafa, wanda ake kira Tafa. Ya yi karatu wajen iyayensa, sa'an nan kawunsa Muhammadu Sambo ya tarbiyyantar da shi kan sufanci. A Salame ya zauna yana karantarwa.

Tun yana saurayi ya shiga tambayoyin da malamai da dama ke kauce wa: mene ne ruhi, yaya samuwar halitta take, ina iyakar hankali wajen sanin Allah? Littafinsa Futuhatur Rabbaniyya kan irin waɗannan yake. Amma abin takaici, an fi saninsa da Raudatul Afkari, tarihin ƙasar Hausa, alhali sauran rubuce-rubucensa ƙalilan ne ke buɗa su.

Ku tuna da Barth, Bajamushen nan da Lamiɗo Lawal ya sallama daga Yola a 1851 bayan 'yan kwanaki. Shi ne ya sadu da Malam a 1853, ya kuma rubuta cewa a malaman ƙasar a lokacin babu kamarsa.

Malam ya rasu a 1864. Allah ya jiƙansa.