Max von Pettenkofer

Max Joseph von Pettenkofer (3 ga Disamba, 1818 – 10 ga Fabrairu, 1901) likita ne, mai haɗa magunguna, kuma masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Jamus, daga masarautar Bavariya. Shi ne farfesa na farko a Jamus a fannin tsabta da kiwon lafiyar al'umma. An fi saninsa da ra'ayin da ya yi shekara kusan arba'in yana karewa, cewa yanayin ƙasa da hawa da saukar ruwan ƙarƙashinta su ne ke haddasa annobar kwalara da taifot. Daga baya bincike ya nuna cewa ra'ayin kuskure ne. Duk da haka, ayyukan da ya matsa aka yi a birnin Munich saboda wannan ra'ayi, wato magudanan ƙazanta da ruwan famfo mai tsabta, sun ceci rayuka masu yawa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Pettenkofer a Lichtenheim, wata 'yar ƙaramar unguwar manoma kusa da garin Neuburg da ke bakin kogin Danube. Mahaifinsa manomi ne mai ƙaramin ƙarfi da 'ya'ya da yawa. Yana yaro aka kai shi Munich riƙo a wajen baffansa Franz Xaver Pettenkofer, wanda shi ne mai haɗa magunguna na fadar sarkin Bavariya. A can ya yi sakandare, ya shiga Jami'ar Munich, sannan ya fara koyon sana'ar baffan nasa.

Ana cikin haka suka sami saɓani da baffan, sai ya bar gida ya shiga wasan kwaikwayo a garuruwan Regensburg da Augsburg. Sunan da ya yi amfani da shi a dandali shi ne Tenkof, wanda ya yanko daga tsakiyar sunan gidansu. Wasan bai karɓe shi ba. 'Yar'uwarsa Helene, wadda ya aura a 1845, ita ce ta shawo kansa ya koma karatu. A 1843 ya sami shaidar haɗa magunguna da digirin likitanci. Daga nan ya ƙaro ilimi a Würzburg, sannan a Giessen a ɗakin binciken Justus von Liebig, babban masanin sinadarai na wancan zamani.

Ayyukansa a kimiyyar sinadarai

A 1844 ya fito da wata hanya ta gano sinadaran ruwan madaciya, wadda har yau ake kira da sunansa. A 1845 ya kama aiki a gidan buga tsabar kuɗi na Munich, inda ya inganta hanyar tace zinariya da azurfa. A 1847 aka ba shi muƙamin farfesa a Jami'ar Munich, bayan rasuwar baffansa a 1850 kuma ya gaje shi a kantin magungunan fada.

Mutum ne mai son binciken da za a ga amfaninsa nan take. Ya yi aiki a kan siminti, da samar da iskar gas ta fitila daga itace, da gyaran tsofaffin zane-zanen fenti da suka dushe. Ya kuma binciki iskar cikin ɗaki. A 1858 ya ba da shawarar cewa idan iskar kabon da mutane ke fitarwa ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari na iskar ɗaki, to ɗakin yana bukatar iska daga waje. Masu zanen gine-gine suna ambaton wannan ma'auni har yanzu. Tare da abokin aikinsa Carl von Voit, ya ƙera wani ɗaki na ƙarfe da mutum zai zauna a ciki ana auna numfashinsa, domin sanin yadda jiki ke sarrafa abinci.

Annobar 1854

A damina ta 1854 kwalara ta ɓarke a Munich, daidai lokacin da birnin ke karɓar baƙi a wani babban baje kolin masana'antu. Fiye da mutum 2,000 suka mutu a birnin, cikinsu har da Sarauniya Therese, mahaifiyar Sarki Maximilian na Biyu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, ta sa Pettenkofer a ciki.

Ya bi unguwa-unguwa da gida-gida yana rubuta inda kowane mamaci ya zauna, yana duba masai da rijiyoyi da irin ƙasar wurin. Ya lura cewa cutar ta fi yin ɓarna a gidajen da ke kwari, inda ƙasa ke da danshi kuma ta jiƙe da ƙazanta, alhali wasu wuraren da ke kan tudu ko kan dutse sun tsira. Ya wallafa sakamakon a 1855. A wannan shekara ta 1854 ce John Snow a Landan ya danganta kwalara da ruwan wani famfo a titin Broad, Filippo Pacini kuma a Italiya ya ga ƙwayar cutar a hanjin mamata. Pettenkofer ya duba batun ruwan sha a Munich, ya yanke cewa ba shi ne sanadi ba, bai kuma sauya wannan matsayi ba har mutuwarsa.

Ra'ayinsa kan ƙasa da ruwan ƙarƙashinta

Pettenkofer bai musanta cewa akwai ƙwayar kwalara da matafiya ke ɗaukowa daga Indiya ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ƙwayar ita kaɗai ba ta iya sa mutum ciwo. A ganinsa sai ta shiga ƙasa mai ramuka-ramuka, kamar yashi ko tsakuwa, wadda ta cika da ruɓaɓɓen abu kuma take da danshi daidai gwargwado. A nan ne za ta nuna, ta zama guba, gubar ta taso da iskar da ke cikin ƙasa ta shiga gidaje, mutane su shaƙa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne ginshiƙin wannan bayani. Munich tana zaune ne a kan shimfiɗar tsakuwa da ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, a ƙasanta kuma akwai laka mai tauri da ke tare ruwan. Idan ruwan ya hau, yakan cike ramukan ƙasa ya kore iska. Idan ya sauka, yakan bar jiƙaƙƙiyar ƙasa da iska a cikinta, wannan kuwa shi ne lokacin da Pettenkofer ya ɗauka a matsayin mafi haɗari. Tun daga 1856 ya sa aka riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyin birnin a kai a kai. A 1865 likita Ludwig von Buhl ya kwatanta waɗannan alƙaluma da na mace-macen taifot, ya ga cewa mutuwar tana ƙaruwa idan ruwa ya sauka, masanin lissafi Ludwig Seidel kuma ya nuna cewa da wuya hakan ya zama dace kawai. Pettenkofer ya riƙa kafa hujja da birnin Lyon na Faransa, wanda annobar ta sha tsallakewa.

Alaƙar da suka gani tsakanin ruwan da cutar gaskiya ce, a fassararta ne aka yi kuskure. A birnin da ramukan masai ke tsiyaya cikin tsakuwar da rijiyoyi ke ɗiban ruwa, ƙazantar takan koma cikin ruwan sha, mutane su haɗiye ƙwayar da bakinsu. Saboda ra'ayin nasa, Pettenkofer ya ɗauki killace matafiya da rufe iyakoki a matsayin ɓarnar kuɗi da cutar da fatauci, abin da ya yi wa 'yan kasuwa da wasu gwamnatoci daɗi.

Tsabtace birnin Munich

Tunda a wajensa ƙazantar ƙasa ce tushen cuta, maganin da ya bayar shi ne a hana ƙazanta shiga ƙasa. Ya nemi a daɓe ramukan masai, a gina magudanan da za su fitar da ƙazanta daga gari, a kawo ruwa mai yawa na wanke-wanke, a kuma kwashe mahauta daga cikin unguwanni. A 1873 ya gabatar da laccoci biyu a kan darajar lafiya ga birni, inda ya lissafa wa mahukunta asarar kwanakin aiki da kuɗin jinya, domin ya nuna musu cewa tsabta ta fi ciwo araha.

Da goyon bayan magajin gari Alois von Erhardt da injiniya Arnold Zenetti, aka buɗe babbar mayanka guda ɗaya a 1878, aka faɗaɗa magudanai, a 1883 kuma ruwan maɓuɓɓugai daga kwarin Mangfall, mai nisan kimanin kilomita 40, ya fara gangarowa birnin ta bututu. Mace-macen taifot suka ragu ƙwarai, har Munich ta shiga sahun biranen Turai mafiya tsabta kafin ƙarshen ƙarni na 19.

A ɓangaren koyarwa, a 1865 aka kafa masa kujerar farfesan tsabta, aka kuma sa fannin cikin jarrabawar likitoci a Bavariya. A 1879 aka buɗe masa cibiyar bincike ta musamman a Munich. Ɗalibai sun zo masa daga ƙasashe da dama, cikinsu har da Ogata Masanori da Mori Ogai daga Japan. A 1883 aka ba shi sarautar gado. Kalmar von da ke gaban sunansa, wadda a Jamusanci take nufin "daga", alama ce ta masu sarauta.

Saɓaninsa da Robert Koch

A 1883 da 1884 Robert Koch ya yi bincike a Masar da Kalkata ta Indiya, ya ware ƙwayar kwalara mai siffar waƙafi, ya kuma same ta a wani tafki da mutane ke sha. Daga nan likitocin Jamus suka rabu biyu. Ɓangaren Koch a Berlin suna cewa a tsare ruwan sha, a killace marasa lafiya, a kashe ƙwayoyin cuta. Ɓangaren Pettenkofer kuwa suna cewa a gyara ƙasa.

Annobar Hamburg ta 1892 ce ta raba gardama. Hamburg tana ba jama'a ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, kuma manyan jami'an lafiyarta sun karkata ga ra'ayin Pettenkofer. Kimanin mutum 8,600 suka mutu cikin 'yan makonni. Altona, wadda ke manne da Hamburg a kan ƙasa iri ɗaya, tana ɗiban ruwan kogin ne a ƙasa da inda Hamburg ke zubar da ƙazantarta, amma tana tace shi da yashi. Mutuwar da aka yi a can ba ta kai ko kusa da ta Hamburg ba.

Gwajin da ya yi a kansa

Ranar 7 ga Oktoba, 1892, yana da shekara 73, Pettenkofer ya sha ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin kwalara a gaban shaidu a Munich. Ƙwayoyin ya samo su ne daga Georg Gaffky, abokin aikin Koch. Kafin ya sha, ya haɗiyi garin soda don ya kashe tsamin cikinsa, gudun kada a ce tsamin ne ya kashe ƙwayoyin. Ya yi gudawa ta 'yan kwanaki, an ga ƙwayoyin da yawa a bayan gidansa, sannan ya warke. Ɗalibinsa Rudolf Emmerich ya maimaita gwajin bayan kwana goma, ya sha wuya fiye da malaminsa, amma shi ma ya rayu.

Pettenkofer ya ɗauki wannan a matsayin nasara. Masu bincike na baya sun fassara shi daban. A yau an san cewa yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa yin ciwo mai tsanani, kuma shi kansa ya taɓa kamuwa da cutar a shekarun 1850, abin da kan bar wa jiki wata kariya. Gwajin bai sauya ra'ayin hukuma ba, domin dokar yaƙi da annoba da Jamus ta kafa a 1900 ta bi tafarkin Koch ne.

Ƙarshen rayuwa

Ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Bavariya daga 1890 zuwa 1899, ya kuma ajiye koyarwa a 1894. Matarsa Helene ta mutu a 1890, uku daga cikin 'ya'yansu biyar ma sun riga shi mutuwa. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da rashin lafiya da matsananciyar damuwa, yana ganin ra'ayin da ya ba rayuwarsa yana rushewa. Ranar 10 ga Fabrairu, 1901, ya kashe kansa a gidansa da ke Munich yana da shekara 82. An binne shi a tsohuwar maƙabartar kudancin birnin.

Tunawa da shi

Cibiyar nazarin tsabta da ƙwayoyin cuta ta Jami'ar Munich tana ɗauke da sunansa, haka ma titin da take kai. Sunansa yana cikin sunayen da aka sassaƙa a bangon Makarantar Tsabta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, tare da na Koch. Masana tarihin likitanci suna yawan kawo shi misali na mai binciken da ya yi kuskure a bayanin hanyar yaɗuwar cuta, amma ya dace a matakan da ya ɗauka. Har yau mafi yawan ruwan da mutanen Munich ke sha daga kwarin Mangfall yake zuwa.