Kamerlingh Onnes, Sarkin Sanyi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku tarihin wani masanin kimiyya, Heike Kamerlingh Onnes. Na zaɓe shi ne saboda haƙurinsa.

An haife shi a garin Groningen na ƙasar Holan a 1853. Ya yi karatu a garinsu da kuma Heidelberg ta Jamus. A 1882 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Leiden.

Babban burinsa shi ne ya sanyaya iskar hiliyom har ta zama ruwa. Masana da dama sun gwada sun kasa. Shi kuwa bai yi gaggawa ba. Sai da ya kafa makarantar koyar da samari ƙera kayan aiki da hura gilashi. Shekara 26 bayan naɗa shi farfesa a Leiden, ran 10 ga Yuli 1908, ya ci nasara. Sanyin ruwan nan ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri.

Da ya sami wannan sanyi, sai ya shiga gwada ƙarafa a cikinsa. Kowa ya san waya takan yi zafi in lantarki na bin ta, don tana tare masa hanya, ƙarfinsa kuma yana ɓacewa a banza. A 1911 Onnes da mataimakansa suka sanyaya zaiba, suka ga turjiyar nan ta ɓace ƙaƙaf. Daga baya ya gano cewa maganaɗisu mai ƙarfi yana rushe wannan hali. Aka ba shi kyautar Nobel a 1913. Ya rasu a Leiden a 1926.

Aikinsa bai mutu da shi ba. A 1980 Denis Jérome na Faransa da Klaus Bechgaard na Danmak suka ba da sanarwar samun wannan hali a wani gishiri mai sinadarin kabon, wanda ba ƙarfe ba ne. A cikinsa lantarki ya fi bin layi guda, kamar jerin tururuwa. Na'urar MRI da ke hoton cikin jikin majiyyaci a asibiti ma da irin wannan waya take aiki.

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, da Onnes ya gaji a shekara ta 25, da wani ne ya ci ribar wahalarsa. Mu da ke jiran jarrabawa, sai mu yi koyi da shi.