Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

An haifi Ladi Kwali a garin Kwali na ƙasar Gwari wajen shekarar 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane. Takan yi wa randunanta zanen kada da ƙadangare da kunama. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara wasu a fadarsa, a garin da yanzu ake kira Suleja. A nan wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane, ta zama mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta tarar da kimiyyar sinadarai a aikace. Busasshen yumɓu yakan koma laka idan ya jiƙe. Idan aka gasa shi, zafi yakan kori ruwan da ke haɗe da sinadaransa, ba ya sake komawa laka. Akan auna toka da garin dutse da yumɓu, a dama da ruwa, a shafa wa tukunya. Idan zafi ya haura digiri 1,200, haɗin yakan narke ya zama kamar gilashi. In awo ya kuskure, aikin makonni ya lalace.

Ladi ta haɗa wannan ilimi da zanen gargajiya, har aka nuna aikinta a Landan. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta yana bayan takardar naira 20.