Vivien Thomas: Kafintan Da Ya Buɗe Wa Jini Hanya Zuwa Huhu

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun kawo muku labarin wani baƙar fatar Amurka wanda bai taɓa karatun likita ba, amma aikin hannunsa ya ceci dubban jarirai masu ciwon zuciya. Sunansa Vivien Thomas.

An haife shi a jihar Luwiziyana ranar 29 ga Agusta 1910, ya tashi a birnin Nashbil. Kakansa bawa ne, mahaifinsa kuma kafinta. A wurin mahaifin ya koyi sana'a, yana aiki yana ajiye kuɗi a banki don ya yi karatun likita. Sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, aiki ya tsaya. A 1930 bankin ma ya rushe da ajiyarsa a ciki. Duk ɗan kasuwar da jarinsa ya taɓa narkewa dare ɗaya ya san zafin wannan.

A wannan shekarar ce ya samu aiki a ɗakin bincike na Dokta Alfred Blalock a jami'ar Vanderbilt. Ba a jima ba ya ƙware wajen yi wa karnukan gwaji tiyata, amma a takarda an ajiye shi a matsayin mai shara, albashinsa ma na mai shara. Da Blalock ya koma asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a 1941, tare suka tafi.

A can wata likitar yara, Helen Taussig, ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa leɓɓansu da faratansu sun yi shuɗi. Zuciyar mai lafiya tana da ɗakuna biyu masu harba jini: na dama yana tura shi huhu ya ɗauko iska, na hagu yana watsa shi cikin jiki. Su waɗannan yara jinin da ke kaiwa huhunsu bai isa ba, sai su yi ta haki, da yawa kuma ba sa girma.

Thomas ya gwada aikin a kan karnuka wajen 200. Dabarar ita ce a ɗauko jijiyar da ke kai jini hannu a ɗinke ta da wadda ke zuwa huhu, kamar a buɗe wa ayari wata hanya idan babbar ƙofa ta cushe. Da yake babu kayan aiki daidai jikin jariri, shi ya gyara allurai da ƴan matsai da hannunsa. Ranar 29 ga Nuwamba 1944 aka yi wa wata yarinya mai wata 15 aikin. Blalock ne ya riƙe wuƙa, Thomas na tsaye a bayansa bisa ƴar kujera yana nuna masa inda zai ɗinka. Da aka buga sakamakon a 1945, sunan Blalock da na Taussig kaɗai suka fito.

Wannan aiki har yau ana yin sa, sai dai yanzu da ɗan bututun roba ake haɗa jijiyoyin. Shi ne matakin farko ga da yawa daga cikin yaran da aka haifa da ɗakin harba jini guda ɗaya tak. Idan yaro ya yi ƴan watanni, sai a haɗa babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa kai tsaye da jijiyar huhu, aikin da William Glenn ya yi a Amurka a 1958. Bayan ƴan shekaru kuma a haɗa wadda ke dawo da jini daga ciki da ƙafafu, aikin da Francis Fontan ya fara a birnin Bordo na Faransa a 1968.

Daga nan ɗakin nan guda jiki kawai yake yi wa aiki. Jinin da ya dawo yana gangarawa huhu da kansa babu mai tura shi, numfashi da motsin ƙafafu na taimaka masa. Shuɗin yana raguwa ƙwarai, yaro ya je makaranta, ya girma. Amma zuciyar ba ta koma irin ta kowa ba. Jini na danƙarewa a jijiyoyi, hanta na wahala, mutum na saurin gajiya, don haka ganin likita ya zama na tsawon rai.

Shi kuwa Thomas, shekara da shekaru yana koyar da matasan likitoci ɗinkin jijiya, cikinsu har da Denton Cooley wanda ya shahara daga baya. Saboda ƙarancin albashi, wani lokaci da dare yakan yi aikin raba abin sha a liyafar gidan Blalock, ga mutanen da ya koyar da rana. Tsofaffin ɗalibansa suka sa aka zana hotonsa, sai a 1971 aka rataye shi a asibitin. A 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, ta kuma sa shi cikin malamanta. Ya yi ritaya a 1979, ya rasu ranar 26 ga Nuwamba 1985. Yanzu likitoci da dama suna haɗa sunansa da na sauran biyun idan suna ambaton aikin.

Ƴan'uwa, idan kuka ga jariri leɓɓansa na yin shuɗi, yana haki ko gumi wajen shan nono, kuma ba ya ƙara nauyi, kada a tsaya jira. A kai shi asibiti a nemi a duba zuciyarsa, domin irin wannan aiki da wuri yake amfani.