Jigoro Kano, Malamin Da Ya Shigar Da Kokawa Cikin Makaranta

Kowace al'umma tana da irin nata faɗan hannu. Mu muna da dambe da kokawa, Turkawa su kan shafe jikinsu da mai kafin su kama juna, mutanen Tailan kuwa har da gwiwa su ke dambe. Amma in mutum ya leƙa ɗakin koyon judo, ko karate, ko taikwando, a Faransa ne ko a Barazil, abu guda zai tarar, watau fararen tufafi, da ɗamara mai nuna ajin da almajiri ya kai, da jarrabawa kafin a ƙara masa daraja. Wanda ya aza harsashin wannan tsari wani malamin makaranta ne na ƙasar Japan, sunansa Jigoro Kano. Kada mai karatu ya zaci yana da wata dangantaka da birnin Dabo. Sunan gidansu ke nan, dacewa ce kawai.

An haife shi cikin 1860 a Mikage, wadda yanzu ta ke cikin birnin Kobe, a gidan attajirai masu sana'ar giyar shinkafa. Yana ɗan shekara 9 uwarsa ta rasu, ubansa ya tafi da shi Tokiyo. Lokacin nan kuwa ƙasar tana cikin juyi. A 1868 mulki ya fita daga hannun shugabannin mayaƙa ya koma wurin Sarki, sabuwar Gwamnati ta juya fuska wajen ilmin Turawa, har a 1876 aka hana mayaƙan nan da a ke kira samurai yawo da takobi. Tsohuwar dabararsu ta faɗa hannu sake, wadda a ke kira jujutsu, ta zama abin raini. Malamanta suka rasa almajirai, da yawansu suka koma ɗori don neman abin kai wa baka.

Kano ya tashi da kaifin hankali, amma ba shi da jiki ko kaɗan, har an ce yana saurayi nauyinsa bai wuce kilo 41 ba. Manyan yara suka addabe shi a makaranta. Ya nemi ya koyi jujutsu, ubansa bai so ba, don a ganinsa abin ya riga ya zama tsohon yayi. Sai da ya shiga Jami'ar Tokiyo a 1877 ya bi ɗakunan maɗora yana cigiya, har Allah ya haɗa shi da wani mai suna Hacinosuke Fukuda. Wannan malami ba mai yawan bayani ba ne: ya nuna dabara sau ɗaya, sa'an nan ya yi ta fyaɗa almajiri da ƙasa har jikinsa ya gane. Kano ya jure. A 1879 yana cikin waɗanda suka nuna jujutsu gaban Janar Garant, tsohon Shugaban Amurka, sa'ad da ya ziyarci Japan. Cikin shekarar nan Fukuda ya rasu, malaminsa na biyu ya bi baya a 1881, ya koma wurin na uku, Tsunetoshi Iikubo, gwanin kayarwa. Watau cikin shekara 4 ya ga da idonsa yadda ilmin nan ya ke bin masu shi kabari.

A 1882, yana ɗan shekara 21, kuma ya fara koyarwa a makarantar 'ya'yan sarauta, ya ari ɗaki a wani wurin ibadar mabiya Buda mai suna Eishoji, ya shimfiɗa tabarma 12, ya tara almajirai 9. Ya sa wa wurin suna Kodokan, watau gidan koyon hanya, abin da ya ke koyarwa kuma ya kira shi judo, hanyar sassauci.

A nan ne ya kamata mu dakata, don a nan aikin malanta ya ke. Da farko ya bincika dalilin da ya sa mutum ke faɗuwa. Ya gane ba a kayar da wanda ya dasa ƙafafunsa daidai. Sai an ja shi ko an tura shi ya karkace tukuna, sa'an nan a shiga ƙarƙashinsa, sa'an nan a kayar. Da ya karkasa abin haka, sai ya zama a kan iya bayyana shi ga kowane yaro, mai ƙarfi da maras ƙarfi. Na biyu, ya tsame dabarun da ke hallaka mutum, irin su naushi da tsone ido, ya ajiye su gefe, ba a yinsu sai a tsararren gwaji inda kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Ya bar kayarwa da dannewa da shaƙa da murɗe gaɓa, ga kuma ƙa'idar cewa wanda ya ji wuya ya buga tabarma a sake shi nan take. Kuma tun kafin a koya wa yaro kayar da wani, sai an koya masa faɗuwa ba tare da ya karye ba. Tsofaffin malamai sun ɗauka ya rage wa abin kaifi. Amma almajirinsa yana iya kokawa da iyakar ƙarfinsa kullum rana, ya tashi lafiya, alhali wanda ya riƙe dabarar kisa ba shi da halin gwada ta a kan abokin karatunsa. Cikin 'yan shekaru har 'yan sandan Tokiyo suka ɗauki malamai daga Kodokan.

Na uku, ya kawo aji da sakamako. A da sai almajiri ya shekara da shekaru kafin a ba shi takardar shaida. A 1883 Kano ya ba almajiransa biyu, Tomita da Saigo, darajar farko ta ƙwararru, daga baya aka ware masu wannan daraja da baƙar ɗamara. Sauran launukan nan da yara ke ɗaurawa a Turai aka yawaita su daga baya.

Mutane da yawa ba su san cewa judo ba shi ne aikin da ya ke karɓar albashi a kansa ba. A 1891 an ba shi shugabancin wata babbar makaranta a Kumamoto, a 1893 kuma aka naɗa shi shugaban Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokiyo. Ya riƙe ta sau uku, jimla fiye da shekara 20, bai bar ta ba sai 1920. Ya buɗe sashe na musamman don horar da malaman motsa jiki, ya kuma kafa makarantar da dubban ɗalibai daga ƙasar Sin suka yi karatu. Mu da mu ke aikin horon malamai mun san ma'anar wannan kujera. Duk abin da aka cusa wa ɗalibin kwaleji, shi zai kai ƙauyen da aka tura shi, ya ba yara ɗari. A ganinmu, rabin bunƙasar judo daga nan ta fito. Koyarwarsa kuwa ya tattara ta kan tushe biyu: mutum ya yi amfani da ƙarfin jiki da na hankali ba tare da ɓarna ba, kuma shi da abokin karawarsa su ƙaru da juna. A 1926 ya buɗe sashen mata a Kodokan.

Almajiransa suka bazu. Yamashita ya koya wa Shugaba Tiyodo Rosabel na Amurka a 1904. Maeda ya sauka Barazil a 1914, daga koyarwarsa gidan Giresi suka fitar da jujutsun Barazil. Wani Barashe, Oshefkof, ya yi karatu a Kodokan, ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kokawar sambo. A 1922 Kano ya gayyaci Funakoshi, mutumin tsibirin Okinawa, ya nuna karate a Kodokan, shi kuma ya ari tufafin da ɗamarar, daga karate suka wuce Koriya.

A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko cikin Kwamitin Wasannin Olimfik na Duniya, a 1912 ya kai 'yan wasan Japan na farko birnin Sitokhom, su biyu rak. Amma duk da haka bai matsa a sa judo cikin wasannin ba, don yana ɗaukarsa tarbiyya ce, yana gudun kada neman lambar yabo ya cinye ta.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin mawuyacin zamani. Soja sun yi ƙarfi a Gwamnatin Japan, a 1931 aka wajabta judo ko wasan takobi a makarantun Midil na maza, aka riƙa kallonsu a matsayin share fagen yaƙi. Kano ya dage kan neman Tokiyo ta karɓi baƙuncin Olimfik na 1940, aka kuwa ba ta a 1936. Da yaƙi ya ɓarke da ƙasar Sin a 1937, ƙasashe suka fara gunaguni. Ya tafi taron Alƙahira a 1938, yana da shekara 77, ya roƙi a bar wa Tokiyo, aka bar mata. A hanyarsa ta komowa ciwon huhu ya kama shi cikin jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru, ya rasu ran 4 ga Mayu, saura kwana 2 su isa Yokohama. Cikin Yuli Gwamnatinsa ta ce ta fasa wasannin.

Bayan an ci Japan da yaƙi a 1945, Amurkawa suka hana judo a makarantu, ba a mai da shi ba sai 1950. A 1964 Tokiyo ta sami Olimfik ɗin da ta rasa, judo ya shiga karo na farko. Japanawa suka cinye aji uku na nauyi, amma a ajin da ba a duba nauyi wani ƙato daga Holan, Anton Gesinki, ya danne Kaminaga na Japan har lokaci ya cika. Wani ɗan ƙasarsu ya taso da murna zai hau tabarma, Gesinki ya ɗaga hannu ya mai da shi baya, don ba a riga an yi gaisuwar rufewa ba.