Johannes Zumpe

Johannes Zumpe (an haife shi a 1726, ya rasu a 1790) maƙerin kayan kiɗa ne ɗan asalin ƙasar Jamus wanda ya yi aikinsa a birnin Landan. An fi saninsa da ƙera ƙaramin piyano mai kusurwa huɗu, mai kama da dogon akwati a kan ƙafafu, wanda ya shigar da wannan abin kiɗa cikin gidajen masu matsakaicin hali a Ingila.

Rayuwar farko

An haife shi a garin Fürth, kusa da Nuremberg. Bayan ya koma Landan ya yi aiki a ƙarƙashin Burkat Shudi, sanannen maƙerin harfsikod, wato abin kiɗa mai madannai da ake yayi kafin piyano. A 1761 ya buɗe shagonsa a titin Princes, kusa da dandalin Hanover.

Aiki

Piyanonsa mafi tsufa da suka rage suna ɗauke da shekarar 1766. Ƙirar ba ta da wuya: idan aka danna madanni, wata 'yar guduma mai rufin fata ce ke bugun tsirkiya. Sautin bai da ƙarfi, amma mai kiɗa na iya sassautawa ko ƙarawa da yatsunsa, abin da harfsikod ba ya yi. Ga shi kuma da araha, ba ya cin wuri a ɗaki. A 1768 Johann Christian Bach ya kaɗa piyano a bainar jama'a a Landan, ana kuma ganin na Zumpe ne. Masu saye suka yi yawa har ya kasa biya musu buƙata, wasu maƙera suka shiga kwaikwayonsa. Ya yi haɗin gwiwa da Gabriel Buntebart har zuwa 1778.

Darajar piyanon a kasuwa

Daga baya piyano mai tsayuwa a jikin bango ya ture mai kusurwa huɗu. A 1904 dillalai a Amurka suka tara tsofaffin suka cinna musu wuta a Atlantic City, don su daina karɓarsu a musaya. Har yau manyan na ƙarni na 19 ba su da tsada, domin kuɗin gyara yakan zarce kuɗin sayarwa. Na Zumpe kuwa gidajen tarihi da masu tara kayan da ne ke nemansu; akwai ɗaya na 1767 a gidan tarihi na Victoria da Albert.

Rasuwa

Ya rasu a Landan a ƙarshen 1790.